Sha-Kauci A Lambun Makarantarmu

 Mun sani a cikinku akwai waɗanda aka yanka wa fangali a lambun makaranta, aka ce kowa ya shuka abin da ya ga dama. To, kafin ku tara kuɗinku ku aika birni a sayo muku irin fure, ku tsaya ku ji yadda tamu ta kasance, mu da mu ka yi shekara guda cur muna jiran wani tsuntsu na cikin littafi.

Sa'ad da mu ke 'yan aji a Talata Mafara, ba a daɗe da gama madatsar ruwa ta Bakolori ba, wadda aka datse Gulbin Sakkwato da ita a 1978. Ruwa ya bi magudanai ya shiga filayen da ke tsakanin Mafara da Bakura, noman rani ya zama zancen kowa, har makarantarmu ma ta kewaye wani fili bayan azuzuwa, aka gyara rijiyar da ke ciki, aka ce lambu ne. A cikinsa akwai itatuwan lemo huɗu da su ka riga mu zuwa makarantar, da gwaiba biyu, da wata tsohuwar bagaruwa a jikin shinge.

Ran nan Malam ya shigo aji da wani littafin Turanci mai hotuna masu launi. Ya buɗe wani shafi ya ɗaga mana, sai ga wani ɗan tsuntsu kore shar, maƙogwaronsa ja wur, tsaye cik a sarari, ba reshe ƙarƙashinsa, ya cusa dogon bakinsa cikin jan fure. Malam ya ce Turawa na ce da shi haminbad, don in yana tashi fukafukansa kan yi ƙara irin ta ƙudan zuma. Ya ce ya kan kaɗa su fiye da sau 50 cikin sakan guda, ya tashi gaba, ya tashi da baya. Irinsa ya fi 300, ƙaraminsu kuwa yana tsibirin Kuba, nauyinsa wajen giram 2, watau bai kai ƙwayar sukari guda ba. Na cikin hoton ma ya kan ƙetare tekun Meziko, tafiyar wajen mil 500, bai sauka ko sau ɗaya ba. Sa'an nan Malam ya ce mutanen can su kan shuka jajayen furanni a ƙofar gida don tsuntsun ya riƙa kawo musu ziyara.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta shiga kunnenmu ta zauna. Watakila Malam ya gaya mana tsuntsun nan ba ya ko'ina a duniya sai nahiyar Amurka, ta Arewa da ta Kudu da tsibiran da ke kusa da su, gama haka abin ya ke, ko guda babu a Afirka. In ma ya faɗa, mu dai hankalinmu ya riga ya tafi lambu. Mu shida ne a fangali ɗaya. Mu ka haɗa 'yan kwabbanmu na tara, mu ka ba wani direba mai zuwa Gusau, ya sayo mana irin fure cikin 'yan takardu masu hoton ja. Mu ka shuka, mu ka yi ta jan guga safe da yamma. Rabi bai tsiro ba. Cikin wanda ya tsiro akuyar wani malami ta yi mana rabo, zafin bazara ya ɗauki nasa kason. Abin da ya saura ya yi fure, kyakkyawa kuwa, manya-manya masu ninki bisa ninki kamar rawanin hakimi, amma ba wanda ya zo gaishe su sai malam-buɗe-littafi jefi-jefi. Sai daga baya mu ka gane dalili. Da yawa cikin furannin kanti an yi ta zaɓen irinsu ne don idon mutum, har ninkin ya toshe wurin da zumar fure ke taruwa, wani ma ba zumar sam. Tsuntsu kuwa ci ya ke kawo shi.

Akwai wani tsoho da ke gadin makarantar, shi ke kuma lura da lambun, duk muna ce masa Baba. Mutumin wajen Maradun ne, ɗaya daga cikin dubban mutanen da ruwan madatsa ya ci ƙauyukansu da gonakinsu. Rigimar diyya ta 1980, wadda aka yi asarar rayuka da yawa a cikinta, bai taɓa yi mana zancenta ba. Zancensa kullum itatuwansa ne, ɗorawa kaza, kaɗanya kaza, gurjiya biyu a bakin rafi, ya kan ƙidaya su da yatsu kamar yana ƙidaya jikoki, duk kuwa suna ƙarƙashin ruwa. Da ya ga mun daɗe muna zaman tsammani gaban fangali, sai ya tambaye mu wa mu ke jira. Mu ka ari littafin Malam mu ka nuna masa. Ya karɓa, ya nisanta shi da idonsa, ya duba, ya duba, sa'an nan ya ce, "Ɗiyana, wanga ai sha-kauci na."

Mu ka fashe da dariya, Allah ya yafe mana. Mu ka ce, "Haba Baba, tsuntsun Turawa ne fa." Bai ja da mu ba. Ya miƙo littafin ya ce, "Ku taho gobe da hwitowar rana, ku zamna ƙarƙashin lemon can, kowa shi kama bakinai."

Kun dai san kauci, tsiron nan da ba ya taɓa ƙasa, sai dai ka gan shi cunkus a kan reshen wani itace, ganyensa dabam da na mai gida. Amma muna tsammani kaɗan ne cikinku su ka taɓa tsayawa su ka duba furensa, mu ma sai ran nan. Kafin ya buɗe, kamar tsinken ashana ya ke, dogo siriri, ja-ja, da ɗan kai a ƙarshe, sun fito gungu-gungu a gindin ganye. Muna zaune sanyin safiya na ratsa mu, sai mu ka ji wani ɗan kuka siriri, tsit, tsit, kafin mu ɗaga kai ga shi ya sauka. Wallahi ba mu taɓa sanin akwai irin wannan halitta a garinmu ba. Jikinsa kore mai walƙiya, ƙirjinsa ja, gefe da gefen jan rawaya, ga waɗansu gashin wutsiya biyu dogaye suna reto, duk girmansa in ka cire wutsiyar bai fi babban yatsa da kaɗan ba. Ya kama reshe ya karkata, ya latsa kan tsinken nan da bakinsa, kan ya tsage. Ya zura bakin ta tsagar, sai furen ya dare gaba ɗaya kamar an saki baka, zaruruwan ciki su ka nannaɗe su ka watsa masa gari a goshi, irin bununin da ku ke gani a kan gero. Ya sha abin da zai sha, ya tsallaka wani gungu da garin a goshinsa.

Abin da mu ka gani ran nan shi ne dukan asirin. Furen kauci a rufe ya ke zama yana jiran tsuntsun nan ya buɗe shi, garin da ya ɗauka daga wannan ya kai wa wancan kuwa shi ke sa kauci ya yi 'ya'ya. Mutanen da su ka raɗa masa suna sha-kauci sun lura da kyau. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami, mu kuwa shekara mu ka kwana.

Baba ya yi kuskure kaɗan, amma kuskuren mai hankali ne. Masana tsuntsaye sun tabbatar sha-kauci da na Amurka ba dangi ba ne ko kusa, sana'a ce ɗaya ta sa su ka yi kama, kamar yadda maƙerin Mafara da na Kano za ka ga hannuwansu iri ɗaya. Dukansu suna da siririn baki da dogon harshe mai tsaga a ƙarshe don shan zumar fure, dukansu mazan ne masu ado, matan kuwa sai riga toka-toka. Inda su ka rabu, na Amurka a sarari ya ke tsayawa ya sha, namu kuwa ya fi son ya sami abin kamawa, ko da ya ke shi ma ya kan ɗan yi shawagi na ƙiftawar ido. In fure ya fi ƙarfin bakinsa tsawo, sai ya huda shi ta gindi ya sha, ya bar mai fure ba lada. Danginsa sun fi iri 100, daga Afirka har Indiya har gefen Ostareliya. A wajenmu uku mu ka fi gani. Mai dogon wutsiya da jan ƙirji da mu ka faɗa, da damina ya ke cika ado, in rani ya yi sai ya tuɓe ya koma kusan kamar matarsa. Akwai wani ƙarami, kore bisa, cikinsa rawaya duka, shi ma da dogon wutsiya, shi kuwa da rani ya ke nasa adon, lokacin ne ya ke aure. Na uku ya fi su girma, baƙi-baƙi, ƙirjinsa kamar an zuba masa jan garura, shi ba ya sake riga duk shekara. Walƙiyar nan ta jikinsu kuwa ba rini ba ce, yadda gashin ya ke a shirye ne ke karya hasken rana, shi ya sa in ya juya sai kore ya koma baƙi, kamar rawani ɗan Kura da ya sha bugu.

To, sai mu faɗi laifinmu na fari, don kada ku maimaita. Da mu ka gan shi, sai mu ka so ya zama namu. Mu ka shafa danƙon gamji a wani tsinke mu ka ɗaura kusa da kaucin, kafin hantsi ya kamu. Mu ka sa shi a kejin kara irin na kanari, mu ka zuba masa gero da ruwa a marfin kwalba. Wanda ya riƙe shi a hannu ya ce bai ji nauyin kome ba sai bugun zuciya, gama duk tsuntsun bai kai giram 10 ba. Bai dubi geron ba. Bakinsa ba na fasa tsaba ba ne, jikinsa kuwa ƙarami ne mai saurin ƙone abinci, dole ya yini yana ci kaɗan-kaɗan. Da asuba mu ka tarad da shi kwance a ƙasan keji, ƙafafu a dunƙule. Baba ya zo ya duba, bai ce mana uffan ba, ya ɗauki kejin ya taka, ya sa a murhu. Da ya zage mu da ya fi mana sauƙi.

Laifi na biyu ya fi wuyar shari'a, don da gaskiya a cikinsa. Babban Malam ya zagaya lambu ya ga lemon da kauci ya fi yawa a kansa ya fara bushewa daga sama, 'ya'yansa sun ragu. Lemon nan kuwa ana kai shi kasuwa ranar Talata, da kuɗinsa a ke sayen alli da guga da igiya. Ya ce a sare kaucin. Ya kuwa yi daidai, kada wani ya ce muku kauci abokin itace ne. Saiwarsa cikin naman reshe ta ke shiga, ta riƙa zuƙe ruwa da abincin da itacen ya jawo daga ƙasa, wurin ya kumbura, abin da ke gaba da kumburin ya rame ya mutu. In ya yi yawa ya kan kashe itace ɗungum, masu kaɗanya da masu lemo sun san haka. Yadda ya ke yaɗuwa ma abin mamaki ne. Akwai wani ɗan tsuntsu mai ɗigon rawaya a goshi, wanda ku ke ji da tsakar rana yana ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar maƙeri na dukan ƙarfe daga nesa. Shi ke haɗiye 'ya'yan kauci, ya amayo ƙwallon da yauƙinsa, ya goge bakinsa a reshe, ƙwallo ya manne ya tsiro a nan. Watau tsuntsu ɗaya ke ɗaura wa kauci aure, wani ya raba 'ya'yan gida-gida.

Ran da aka ba da umurnin Baba ba ya nan, ya tafi Bakura gaishe da 'yarsa. Mu kuwa an ba yara adda. Mu ka share na lemo, mu ka share na gwaiba, ƙarfi bai ƙare ba, mu ka hau bagaruwar shinge mu ka sauke wani babban kauci da ya fi shekarunmu, mu ka tara wa awaki su ka yi biki. Kwana uku ba mu lura da kome ba. A na huɗu wani cikinmu ya ce, "Kai, ina tsuntsayen nan?" Lambu ya yi tsit. Da Baba ya komo ya tsaya gindin bagaruwa ya ɗaga kai, ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Lemo na da mai shi, an ce ku sare, kun sare. Bagaruwa mi ta yi muku? Kun kira baƙo, kun kihe akushi."

Daga ran nan ne karatunmu na lambu ya fara. Abin da Baba ya koya mana, wanda mu ka yi shekaru muna gwadawa a gidajenmu bayan mun bar makaranta, ga shi. Ya ce tsuntsun nan ba ya ajiya kamar tururuwa, abin da ya samu yau shi zai ci yau, sabo da haka lambun da ke da fure wata biyu ya yi wata goma ba kome, masauƙin matafiyi ne kurum. In kana so ya zauna, sai ka jera itatuwanka yadda in wannan ya gama wancan zai ɗauka. Da damina ba wuya, daji duk abinci ne. Wuyar tana rani, abin mamaki kuwa a ranin ne itatuwanmu na gado su ka fi yin irin furen da ya ke so.

Ya fara da minjirya. Ya tafi wani ƙauye ya saro rassa kamar sanduna, ya ce mu kafa su a jikin shinge da farkon damina, ba iri ba rainon kome. Mu ka ce sanda za ta tsiro? Ta kuwa tsiro. Minjirya ta kan zubad da ganye da rani, sa'an nan ta fito da jajayen furanni tsaye a kan rassa tsirara, kowane ɗaya kamar ɗan ƙaho cike da zuma, ga reshe nan kusa wurin kamawa. In da za a ce mu zaɓi itace guda don sha-kauci, ita za mu zaɓa, ga ta kuma shinge ce mai ƙaya da ba ta bukatar sabuntawa. Sai dai ku hana ƙannenku sa jajayen 'ya'yanta a baki, suna da dafi. Bayan ta sai zogale, wanda ba ya shekara bai yi fure ba, in yana samun ruwa kuwa kusan kullum da 'yan fararen furanninsa, kun ga an jefi tsuntsu biyu, ga na kwaɗo ga na baƙo. Sai kabar giwa, wadda waɗansu ke ce wa zabuwa don ɗigo-ɗigon ganyenta, ita kan miƙo doguwar sanda bayan damina da furanni kamar 'yan bututu suna reto. Tumfafiya kuwa, da kowa ke raina ta, Baba ya hana mu cire wadda ta fito a kusurwa. Kusan duk shekara tana fure, ba ta roƙon ruwa, audugar cikin 'ya'yanta kuma da ita tsuntsun ke shimfiɗa a sheƙa. Ku dai kiyayi ruwanta da idonku.

Gurjiya ita ce ya fi so, ita ce kuma ba mu ga amfaninta da idonmu a makarantar ba, don itace ce mai ɗaukar shekaru. Da hunturu, sa'ad da ƙura ta rufe gari, ta kan tsaya ba ganye ko ɗaya, ta cika da manyan furanni ja kamar an rataya kofuna, tsuntsaye iri-iri su yini a kanta. Baba ya dasa guda a tsakiyar lambu, ya kewaye ta da ƙaya, ya ce ta 'ya'yanmu ce. Muna jin ta bakin rafinsu ya ke tunawa.

Ku lura da wani abu a nan, don zai taimake ku zaɓe ko da kun ga furen da ba ku sani ba. Furen da ke kiran tsuntsu galibi ja ne ko ruwan goro, mai siffar bututu, ba shi da ƙanshi sosai, da rana ya ke buɗewa, gama tsuntsu da ido ya ke nema, ƙudan zuma kuwa ba ya ganin ja da kyau, sai ya bar masa. Wanda ya ke fari mai ƙarfin ƙanshi, mai buɗewa da dare, kamar na kuka da na rimi, wannan jemage ya ke kira. Ɗorawa ma, da jajayen tuntayenta na ƙarshen ɗari, jemage ne babban baƙonta, sha-kauci sai dai ya zo da safe ya sami kingi.

Kaucin fa? Da shi aka yi sulhu, Babban Malam ma ya yarda. Itacen da a ke ci, ba a bar masa ko tsiro ɗaya. Kowace kaka a hau a duba, in an gan shi tun yana ƙarami a yanke reshen ta bayan kumburin, wajen taƙi guda zuwa gindi, don in ka fizge ganyen kawai saiwar na ciki, za ta sake tohowa. Amma bagaruwa da dogon yaro na bakin shinge, waɗanda su ke da ƙarfin ɗauka, a bar musu ɗaya ko biyu. Shekara biyu kafin bagaruwar nan ta sake samun nata, mai ƙwal-ƙwal ne ya kawo, ba mu ba.

Mun kuma gwada dabarar mutanen Amurka, da mu ka karanta su kan rataya kwalba da ruwan sukari, mudu ɗaya na sukari cikin mudu huɗu na ruwa, ba zuma ba rini. A can tana yi musu aiki. A nan, cikin Afrilu da zafi kan haura digiri 40, kafin la'asar ruwan ya fara tsami, kiyashi ya yi layi, rina da ƙudan zuma su ka kafa sansani, har aka harbi ɗayanmu a leɓe ya kwana biyu ba ya iya karatu. Ruwan da ya yi tsami kuwa cuta ne ga tsuntsu. Mu ka sauke kwalba. Abin da ya fi ta amfani shi ne in kuna ban ruwa da safe ku watsa kaɗan bisa ganyen gwanda ko ayaba, za ku ga ya zo yana birgima a kan jiƙaƙƙen ganye, haka ya ke wankansa.

Saura abu guda, shi ne ma ya fi damunmu yanzu. Zumar fure ba ta isa ta raini ɗan tsako. Da ƙananan ƙwari da tsutsotsi da gizo-gizo uwar ke ciyad da 'ya'yanta, da saƙar gizo-gizo kuma ta ke ɗinke sheƙarta. Mun taɓa samun sheƙar a reshen lemo, tana reto kamar ɗan zabira, ƙofa a gefe da 'yar rumfa bisa ƙofar, an lulluɓe bayanta da busassun ganye har ka ce shara ce iska ta rataya. Macen ce ta gina ita kaɗai, ta yi ƙwai biyu, ta kwanta wajen mako biyu. To, lambun da a ke yi wa feshin maganin ƙwari kowane mako, kamar yadda mu ke gani a fadamun tumatir da barkono, ko an cika shi da minjirya ba za a ga sheƙa a ciki ba. Ba mu ce manomi ya bar tsutsa ta cinye masa jari ba, wanda ya ci bashin taki ya san abin da ke kansa. Amma fangalin makaranta da bayan ɗakin gida ba jari ba ne, ana iya tsince tsutsa da hannu, a bar gizo-gizo ya yi saƙarsa a kusurwa.

Watakila wani cikinku zai ce, duk wannan wahala don tsuntsun da ba a ci, ba a sayarwa? Mu ma a dā da ba mu da amsa sai cewa yana da kyau. Amma mu da mu ka tashi, daji a buɗe ya ke. Ran da ba makaranta mu kan yi nisa neman kanya da magarya, abin da ba mu gani a lambu ba mu gan shi a can. Ku kuwa kun tashi cikin wani zamani. Kun san abin da ya faru a 2021, da aka kwashi 'yan makaranta a Jangebe cikin Fabrairu, aka shiga kwalejin noma ta Bakura cikin Agusta, aka kwashi na Kaya ta ƙasar Maradun cikin Satumba, har aka rufe makarantu. Shekarun nan ba uban da zai bar ɗansa ya shiga daji don kallon itace. Akwai wani yaro ɗan ƙanwarmu da ya zo zama wurinmu daga wajen Maradun, shekararsa tara, ya san sunan bindiga iri uku, bai taɓa ganin gurjiya da fure ba. Abin da zai sani na tsuntsu da itace, sai wanda ya shigo cikin katanga ya same shi. Ran da ya fara ganin sha-kauci a kan minjiryar gidanmu, abin da ya fara tambaya shi ne ko muna da danƙo. Mu ka ba shi labarin kejin kara, mu ka miƙa masa guga.

Kada kuma ku ce mun gaya muku abin ba shi da tsada. A ƙofar gidanmu akwai dogon yaro mai kauci biyu da mu ka bari da gangan, maƙwabcinmu kuwa yana da lemo da gwaiba a bayan katanga. Bara ya yi mana sallama bayan magariba, ya zauna, aka gaisa, sa'an nan ya ce, "Malam, kaucinka na haihuwa a gidana." Ba mu da bakin musu, don mun sha ganin mai ƙwal-ƙwal na tashi daga itacenmu ya sauka a nasa. Ya so mu sare, mu ka roƙe shi arziki. Aka tsaya a kan kowace kaka mu za mu ɗauki tsani da adda mu shiga gidansa, mu bi itatuwansa reshe-reshe, in kuwa duk da haka wani ya bushe, mu biya. Bana mu da yaron nan mu ka shiga, shi ke hange daga ƙasa yana nuna mana, mu ka cire guda bakwai.